Wa Zai Ɗauke Mana Wannan Farilla?



Ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai tambayar da ake yawan kawo mana bayan salla: mace ta yi doguwar naƙuda, an kai ta asibiti, likitan da aka taras namiji ne, shin ya halatta ya duba ta? Amsar malamai a nan ba ta da wuya. Lalura tana halatta hakan gwargwadon buƙata, domin ceton rai yana gaba da suturce al'aura idan suka ci karo. Tambaya mai wuya ita ce wadda ba a kawo mana: me ya sa lalurar ta zame mana halin kullum, kuma alhakin yana wuyan wa?

Ilimin likitanci farillar kifaya ne, watau idan wasu suka tsaya da shi an ɗauke wa saura, idan kowa ya bari kowa ya yi zunubi. Imamu Gazali ya bayyana haka a cikin Ihya'u, har ya koka da yadda mutane ke rububin fiƙihu alhali garuruwansu babu likita Musulmi. Amma kifaya ma'anarta isa. Idan matanmu likita mace suke buƙata, to farillar ba ta sauka ba sai an samu mata masu wannan ilimi da yawan da zai ishe su.

Hanyar kuwa doguwa ce. Bayan bakaloriya, ɗaliba za ta yi shekara 7 ko 8 tana karatun likita, kamar a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, sa'an nan ta ƙara shekara 4 tana ƙwarewa a kan haihuwa da cututtukan mata, tana kwanan aiki a manyan gidajen haihuwa irin na Issaka Gazobi. A nan ne take koyon fiɗa domin ciro jariri, da tsayar da jini, da maganin jijjiga. Kafin ta gama ta kai shekara 30. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: nawa ne daga cikinmu za su yi wannan haƙuri da ɗiyarsu, ko su sanya ci gaban karatunta cikin sharuɗɗan aurenta?

Wani zai ce ungozomar gida ta isa, da ita aka haife mu. Muna girmama ta, amma ido yana da iyaka. Masu bincike sun lura cewa da ido ake ƙiyasta jinin da mai jego ta zubar, sau da yawa ba a farga ba sai ta galabaita. Sai aka gwada wata shimfiɗar leda mai aljihu da ma'auni, wadda ke tara jinin. Da zarar ya kai iyaka, a haɗa magungunan a ba ta lokaci guda, ba ɗaya bayan ɗaya ba. An gwada a asibitoci kusan 80 a Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin 100. Cikin jagororin aikin akwai Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano. Da an cire ta daga makaranta tana ƙarama, da ba mu ambace ta yau ba.

Ba mu ce masu ɗari-ɗari ba su da hujja ba. Ɗalibi a jikin mace yake koyo, kuma talaka ce ta fi kwanciya a asibitin koyarwa. Wajibi ne a nemi izninta kafin a tara mata ɗalibai ko a sa ta cikin bincike, a rufe abin da aiki bai buƙaci buɗewa ba. Uban da ke tsoron tura ɗiyarsa birni ita kaɗai, shi ma tsoronsa yana kan hanya. Sai dai maganinsa masauki ne amintacce da kuɗin guzuri, kuma waɗannan ba su fi ƙarfin jama'ar masallaci ɗaya ba. Muna kafa asusu domin lasifika da darduma, wannan alheri ne. Asusun ɗalibar likita kuwa, mu da kanmu limamai ba mu cika kiran jama'a zuwa gare shi ba.