Kumfa da Ruwan Ɗauraya

Duk wanda ya taɓa halartar suna a zangon Salaga ya san abin da mata ke shigowa da shi a ka: daro, a cikinsa sandar Key Soap, ƙunshin Omo ko So Klin, wani lokaci da turmin atamfa a sama. Kafin la'asar ɗakin mai jego ya koma kamar kanti. Shi ya sa masu haihuwar fari a makarantar matan aure da nake karantarwa tambayarsu kusan ɗaya ce: "Malama, da wanne zan wanke kayan jariri?"

Amsar wannan ba ta da tsawo. Fatar jariri ba ta yi ƙwari ba, don haka a nemi sabulun da ba shi da turare mai ƙarfi, a sa kaɗan. Sabulun sanda ya wadatar, haka ma sabulun salo mai kyau, wanda 'yan kudu ke kira alata samina, in dai ba a cika masa toka ba. Sabon kaya da na gwanjo duk a wanke su kafin su taɓa jikin yaro. A shanya a igiya cikin rana, kada a baza a ƙasa, domin akwai ƙudan da ke yin ƙwai inda fitsari ya taɓa, tsutsarsa ta shige fata, guga kuma tana kashe ƙwan. Kafur ɗin da muke jefawa cikin akwatin kaya a raba shi da kayan jariri, domin akwai yaran da jininsu ba ya jure shi, yana jawo musu shawara mai tsanani.

Abin da ya fi damuna shi ne tambayar da ba sa yi, wato ko sabulu yana tsarkakewa.

Mu nan Malikawa ne, iyaye da kakanni. Littattafan da aka karanta a zaurukan Salaga tun zamanin fataken goro, lokacin da wani malami, Alhaji Umaru, ya baro ƙasar Hausa ya zauna a garin nan kafin yaƙin 1892 ya watsa jama'a shi kuma ya koma garin Karke, su ne har yau muke buɗewa: Ahalari, Ishmawi, Risala. Dukansu sun yi tarayya a kan cewa ruwan da ke kawar da hukuncin najasa shi ne wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su sauya ba saboda wani abu da aka zuba masa. Ruwan kumfa ba najasa ba ne, yana kuma fitar da dauɗa fiye da ruwa zalla, amma ya riga ya sauya. Idan fitsari ya taɓa zane, aka wanke shi da omo har ya yi fes, aka matse aka shanya ba tare da ruwan zalla ya bi ta kansa ba, zanen ya fita, amma a mazhabarmu ba a yin salla da shi tukuna. Haka idan aka ɗiga ruwan ƙamshi ko maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin ruwan ɗaurayar ƙarshe, kamar yadda ake yayi yanzu.

Ina son wannan hukunci, domin ya saɓa wa abin da kasuwa ke koya mana. Mai talla yana so hancinki ya zama alƙali: in kaya na ƙamshi sun wanku. Malaman fiƙihu kuwa sun ce alamar an gama ita ce ruwan ya fita daga tufa yadda ya shiga, babu abin da ya ɗauko. Ma'aikaciyar jinya da ba ta taɓa buɗe Risala ba ita ma abin da za ta gaya miki ke nan, saboda ragowar sabulun da ya maƙale cikin zare shi ke sa wa jariri ƙaiƙayi da ƙuraje a wuya da matsematsi.

Sai dai ruwa, a ƙasarmu, ba abin da ake samu cikin sauƙi ba ne. Ana yi wa Salaga kirari da garin rijiya dubu, kuma ba don nishaɗi kakanninmu suka haƙa su ba. A Yendi, inda 'yata ta fari ke aure, garin ya dogara da kogin Daka, in rani ya yi nisa kogin ya ja baya, sai ka ga rawayen jarkokin nan da ake kira galan ɗin Kufuor sun yi layi tun asuba. A Bawku, inda ƙanwata take, ga hunturu mai busar da komai, ga shekarun da aka yi ana fama da dokar hana fita, mace ba ta isa ta yi sammakon zuwa famfo yadda ta ga dama ba. To, wadda ke sayen ruwa jarka-jarka, jaririnta kuma yana ɓata zane sau da yawa kafin azahar, me addini ke nema daga gare ta?

'Yata ta kira ni ana sauran kwanaki ta yi arba'in, muryarta a sanyaye. Ta ce, "Mma, in na fara salla yaya zan yi? Babu zanen da yake wuni a jikina da tsarki." Wata ta riga ta gaya mata cewa duk abin da yaro ya taɓa sai an wanke. Na san mata da yawa da irin wannan magana ta sa suka riƙa haɗa salloli har dare, wasu suka bari gaba ɗaya har yaye, suna ganin Allah ba zai karɓa ba. Wannan yana ci mini rai, domin rabin karatun aka ba su.

Gaskiya ne a wurin Malikawa fitsarin jariri najasa ne, namiji ko mace, ya fara cin abinci ko bai fara ba. Shafi'awa da Hambalawa sun sauƙaƙa a kan na namijin da nono kaɗai yake sha, suka ce yayyafa ruwa ya isa, hujjarsu hadisin Ummu Ƙaisi wadda ɗanta ya yi fitsari a tufar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hadisin da Imamu Malik da kansa ya kawo a Muwaɗɗa. Malamanmu ba su bi ta nan ba, amma sun buɗe wata ƙofar. Shehu Halil, wanda ya rayu a Masar a ƙarni na 14, ya lissafa tufar mai shayarwa cikin abubuwan da aka yi wa rangwame a Muhtasar ɗinsa: matuƙar tana iya ƙoƙarinta wajen kaucewa, abin da ya same ta na fitsari ko kashin yaro an yafe, sallarta ta yi. An so ta keɓe zane ɗaya na salla in tana da hali, ba a wajabta mata ba. Tumbuɗin nonon da bai sauya ba ba najasa ba ne. Tabon da ya ƙi fita bayan an wanke ba ya hana tsarki. Kayan jaririn kansa kuwa, ai shi ba ya salla. Ana ɗauraye su da kyau ne don fatarsa, da kuma don uwar da za ta goya shi ta tayar da kabbara, kamar yadda Manzon Allah ya yi salla ɗauke da jikarsa Umama.

Malamin da ya zauna ya yi tunanin zanen mai shayarwa har ya ba shi gurbi a littafin shari'a, ya san gida, ya san abin da dare ke yi wa uwa. Mu kuma sai muka tsaya a ƙananan littattafai, inda ake koyar da ƙa'ida, ba mu kai matanmu inda ake koyar da rangwame ba, saboda yawancinsu aure ke ɗauke su kafin su kai can. Yanzu duk lokacin da na zo babin tsarki ba na tashi sai na haɗa musu biyun a zama ɗaya.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyan maza. Ruwan da mace za ta sha, ta yi girki, ta yi tsarki da shi yana cikin abin da miji ke ɗauka. Na gaya wa surukina haka a waya, cikin ladabi, na ce, "Malam, sabulun suna zai kai ku wata shida. Ruwan ɗauraya ne ba wanda zai kawo muku gudummawarsa." Bai yi musu ba, Allah ya yi masa albarka. Ya yi magana da mai kura ya riƙa ajiye musu ƙarin jarka kowace safiya, aka ware ta don kayan yaro da zanen sallar uwarsa.