Dole ne mai bin Allah ya ajiye sandar kurket?

A watan Agustan 1882 Ostireliya ta bi Ingila har gida, ta doke ta a wasan kurket a filin Oval da ke Landan. Cikin 'yan wasan Ingila a ranar akwai Charles Studd, saurayi ɗan shekara 21, ɗan masu hali, wanda ya yi karatu a Eton da Cambridge. Sunansa na tashe ke nan sai ɗan'uwansa George ya kwanta ciwo, rai a hannun Allah. George ya warke, amma zaman jinyar ya bar wa Charles tambaya: me tafin 'yan kallo zai amfana wa wanda ke bakin kabari?

A 1885 ya jingine sanda, shi da abokansa shida suka nufi ƙasar Sin aikin mishan a ƙarƙashin Hudson Taylor. Gadon da ya ci, kusan fam 29,000, ya rabar da shi, har gidan marayun George Müller na Bristol ya samu kaso. Ya yi aikin fasto a Indiya, sannan a 1913 ya shiga Kongo, inda ya rasu a Ibambi a 1931. Baitocin da ya rubuta kan gajartar rayuwa har yau Kiristoci na rera su.

Wannan sadaukarwa abar girmamawa ce. Sai dai ba shi kaɗai ya ɗauki nauyinta ba. Matarsa Priscilla, ga rashin lafiya, ita ta zauna a Ingila tana riƙe da ofishin mishan ɗinsa na Kongo, kuma daga 1916 har rasuwarta a 1929 sau ɗaya tak suka sake haɗuwa. Masu yabon Studd sukan tsallake wannan, alhali haƙƙin iyali ma Allah zai tambaya.

Shi kuwa David Sheppard, wani ɗan wasan kurket na Ingila da ya zo daga baya, bai ga dalilin yar da baiwar da Allah ya ba shi ba. An naɗa shi malamin coci a 1955, ya ci gaba da buga wa Ingila wasa, yana kuma aiki cikin talakawan Canning Town a gabashin Landan. A 1960, da tawagar Afirka ta Kudu ta zo Ingila, ya ƙi buga wasa da ita saboda mulkin wariyar launin fata. Da tuni ya bar fili, da ƙin nasa bai girgiza kowa ba. Kasancewarsa ɗan wasa ne ya sa aka saurare shi. A nan hanyarsa ta fi ta Studd wuya, domin kullum yana tsakiyar abin da zai iya ruɗar sa.

Sheppard ya zama Bishop na Liverpool a 1975. A birnin da Katolika da Furotesta suka daɗe ba sa ga-maciji, ya shafe kusan shekara 20 kafaɗa da kafaɗa da Akbishop Derek Worlock na Katolika, suna fafutukar nema wa unguwannin marasa galihu aikin yi da gidaje.