Haƙƙin Magana da Wajibcin Shiru a Rediyon Oba-oba

Duk wanda ya lura da yadda 'yan sanda ko ma'aikatan jirgin ruwa suke zance da rediyon oba-oba, zai ga cewa jama'a masu yawa suna tarayya a tasha guda, amma na'urar ba ta iya aikawa da karɓa a lokaci ɗaya, domin muddin mutum ya danne maɓalli yana magana, to, kunnensa ya toshe, sai fa in ya saki.

Mas'alar da ke nan ita ce: shin magana mallakar mai baki ce, ko kuwa amana ce ta jama'a? Idan mutum biyu suka danna tare a zangon FM, mai ƙarfin sigina yakan danne rarrauna, alhali shi rarraunan bai ma san an haɗiye muryarsa ba, kuma wataƙila shi ne wanda ruwa ke ci. Saboda haka aka keɓe tasha ta 16 a teku domin kira da neman agaji. A da ma, an wajabta wa jiragen ruwa yin tsit na minti 3, sau biyu a kowace sa'a, a zangon gaggawa, ko za a jiyo wani mai rauni daga nesa.

Malaman fiƙihu sun riga sun san wannan babi, tunda sun hana ko da cewa da maƙwabci ya yi shiru yayin huɗubar Juma'a. A ganina, wanda ya riƙe maɓalli ba da larura ba ya ci haƙƙin mutanen da bai taɓa gani ba, kuma zalunci ne.