Wanda Ya Ƙetare Iyaka: A Miƙa Shi Ko A Ba Shi Mafaka?

 

Ya 'yan'uwa, ga wata mas'ala wadda ya kamata mai mulki da talaka duk su san hukuncinta. Mutum ne ya gudo daga ƙasarsu ya shigo taku. Hukumar ƙasarsu ta aiko ta ce mai laifi ne, a ba ta shi. Shi kuwa ya ce zalunci ya guje wa. To, mene ne ya wajaba a kanku? In kun ɓoye shi alhali mai kisan kai ne, kun yi tarayya da shi cikin jinin da ya zubar. In kun miƙa shi alhali wanda aka zalunta ne, kun zama hannun azzalumi. Kowane gefe akwai alhaki, kuma barin magana ba ya fid da kowa.

Wajibcin Haɗa Kai

Da farko mu sani, haɗa kai tsakanin ƙasashe don kama mai ɓarna wajibi ne, ba a jayayya a kansa. Dalili kuwa, mai ɓarna ya fi kowa sanin amfanin iyaka. Ya yi ta'asa a wannan gefe, ya tsallaka wancan ya kwana, soja ya zo bakin layi ya tsaya yana kallo.

Dattawa ba su manta da Muhammadu Marwa ba, wanda aka fi sani da Maitatsine. Daga arewacin Kamaru ya zo Kano. An kore shi a 1962, aka ɗauka an rabu da ƙaya. Ya komo, ya tara jama'a a 'Yan Awaki, har a watan Disamba na 1980 aka rasa rayuka fiye da 4,000. Mabiyansa suka watsu, fitina ta sake tashi a Bulunkutu a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985. Ku lura, kora ba hukunci ba ce. Wanda ya ga maciji a ɗakinsa ya jefa shi gidan maƙwabci, bai kashe maciji ba, kuma bai yi maƙwabtaka ba.

Haka kuma aka gani a fitinar Boko Haram. A watan Janairu na 2015 suka ci garin Baga, inda sansanin rundunar haɗin gwiwa yake. Sai da Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru da Binin suka sake ɗaura ɗamara, aka mai da hedkwatar rundunar Njamena, sa'an nan al'amari ya fara juyawa. Sojojin Cadi ne suka ƙwato Gamboru da Dikwa a farkon wannan shekara, su da na Nijar kuma suka shiga Damasak. A watan Maris na 2025 Nijar ta ba da sanarwar janyewa daga rundunar. Ko mene ne dalilin masu mulki, mu dai mun san wanda ke murna duk ranar da maƙwabta suka juya wa juna baya.

In wani ya ce yaya za a yi alkawari da wanda ba addininmu ɗaya ba, sai mu tuna masa da Hilful Fuduli. Wani baƙo ɗan kasuwa daga Yaman ya kawo haja Makka, Asi ɗan Wa'ilu ya karɓa ya hana shi kuɗinsa. Sai wasu kabilun Kuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'anu, suka yi rantsuwa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta, ɗan gari ne ko baƙo. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarci wannan taro tun yana saurayi, kuma bayan an aiko shi ya yabe shi. Mutanen da suka ƙulla shi mushirikai ne a lokacin. Abin da aka yaba shi ne abin da aka haɗu a kansa, watau ƙwato wa mai rauni haƙƙinsa.

Sharaɗin Haɗa Kai

To, a nan ne maganar take. Ɓarayi ma suna haɗa kai, azzalumai ma suna taimakon juna. Saboda haka dole a tambaya, a kan me aka haɗu?

A shekara ta 5 da aiko Annabi, Musulmi suka yi hijira zuwa Habasha. Kuraishawa suka tura Amru ɗan Asi da Abdullahi ɗan Abu Rabi'a da kyaututtuka, suka fara raba wa fadawa, suka nemi a miƙa musu mutanen ba tare da an ji daga bakinsu ba. Hujjarsu ita ce danginsu sun fi kowa sanin laifinsu. Najjashi ya ƙi. Ya sa aka kira su, Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya yi bayani, sarki ya saurara, sa'an nan ya yanke hukunci, ya mayar wa manzanni da kyautarsu. Ku duba da kyau: sarkin nan bai ce ba ya miƙa kowa ba. Cewa ya yi ba ya miƙa wanda bai saurara ba. Wannan shi ne mizani.

Yanzu mu auna abin da ya faru a ƙasashenmu da wannan mizani. A watan Janairu na 1980, gwamnatin tarayyar Nijeriya ta kama Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Jihar Borno, ta kai shi Cadi ta ajiye, wai ba ɗan ƙasa ba ne. Babbar kotu a Maiduguri ta ce an yi kuskure, mutumin ɗan ƙasa ne. Wannan babban mutum ke nan, mai jam'iyya da lauyoyi. Ina ga manomin da ba shi da ko takardar haihuwa?

A watan Maris na 2020 Boko Haram suka kashe sojojin Cadi kusan 100 a Bohoma. Aka yi samame, aka kai mutum 58 Njamena. A watan Afrilu aka wayi gari 44 daga cikinsu sun mutu a ɗakin da aka tsare su, tun ba su ga alƙali ba. Daga baya hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta ce cunkoso da zafi da ƙishirwa ne suka kashe su, kuma manoma ne da mutanen ƙauye. Haka nan a 2017 ƙungiyar Human Rights Watch ta ce tun daga 2015 sojojin Kamaru sun tilasta wa 'yan Nijeriya kimanin 100,000 komawa inda suka gudo. Hanyar da ɗan ta'adda ya bi, ita matar da ya kashe wa miji ta bi da goyonta. Ba a rarrabe su da kallon fuska ko jin harshe. Sai an zauna an yi bincike.

Mai Cewa Lokacin Yaƙi Ne

Wani zai ce, Malam, ana wuta kana maganar kotu? Wanda ke ɗauke da bam ba ya jiran alƙali. Gaskiya ne, wanda ya fito da makami a fagen fama, makami ake tarar sa da shi, babu mai musun wannan. Amma maganarmu a kan wanda ya riga ya shiga hannu ne. Da zarar an ɗaure shi ya zama amana, cinsa da shansa da ransa suna wuyan wanda ya kama shi, har a tabbatar da laifinsa ko a sake shi. Sa'an nan ko ta fuskar dabarar yaƙi, ƙauyen da aka kwashe 'ya'yansa ba su komo ba, ba zai sake gaya wa soja inda 'yan ta'adda suka bi ba. Wanda aka tsare shekaru babu laifi, in ya fito, wa'azin wa kuke tsammani zai saurara?

Kada kuma a ɗauka adalci yana nufin sakin mai laifi. Hissene Habre ya mulki Cadi daga 1982 zuwa 1990, ya gudu Sanagal ya zauna. Kwamitin bincike na ƙasarsa ya ƙiyasta a 1992 cewa an kashe mutum 40,000 a zamaninsa. Waɗanda suka tsira daga kurkukunsa ba su gaji ba. A 2012 Kotun Duniya ta ce wa Sanagal, ko ta yi masa shari'a ko ta miƙa shi. Aka kafa kotu ta musamman a Dakar tare da Tarayyar Afirka, aka kawo shaidu, aka ba shi lauyoyi, a watan Mayu na 2016 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Ya rasu a 2021. An yi jinkiri ƙwarai, wasu masu haƙƙi sun mutu ba su gani ba. Amma an nuna mafaka ba ta wanke jini, kuma an nuna ana iya hukunta mutum bayan an saurare shi.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Ga masu mulki: ku cika alkawarin da kuka yi wa maƙwabta, kada fushin siyasa ya sa ku buɗe wa masu kisa ƙofa. In za ku miƙa mutum, ku ga hujja tukuna, ku kuma tabbata gaban alƙali za a kai shi. Ga ma'aikacin bakin iyaka: kuɗin da ka karɓa ka ɗaga wa mota ƙarfe ba ka duba ba, mai yiwuwa harsashin da ke cikinta ɗan'uwanka zai samu. Ga sauran jama'a: kada ka ɓoye mai kisa don danginka ne ko don yana sallah a sahunku, kada kuma ka nuna baƙo da yatsa don kawai ba ka jin harshensa, ko don kana son rumfarsa a kasuwa. Shaidar zur tana cikin manyan zunubai, ko a kan baƙo aka yi ta.

Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya mai da waɗanda suka bar gidajensu gida cikin aminci, ya kiyashe mu da ɗaukar alhakin wani. Amin.