Rufin Asiri da Ciwon da Ake Ɓoyewa

Babu addu'ar da ta fi yawa a bakin mutanenmu kamar wannan, wato Allah ya rufa asiri. Addu'a ce mai kyau, gama wanda aka tona asirinsa a kasuwa yakan rasa abin da kuɗi ba ya saya. Littafin Karin Magana ma ya tsauta wa mai yawo da zancen mutane, ya kuma yabi amintaccen da ya iya riƙe magana. Amma akwai tambaya mai wuya wadda ya wajaba mu zauna mu duba. Idan abin da mutum yake rufewa ciwo ne da ake ɗauka ta wurin kwana tare, kamar ciwon sanyi, da tunjere, da ƙanjamau, asirin nasa ne shi kaɗai? Ko kuwa akwai wanda yake da hakkin ji?

Kafin mu amsa, sai mu san halin cututtukan nan, domin dukansu gwanayen ɓuya ne. Tunjere yakan fara da ɗan miki marar zafi, wajen mako 3 bayan an ɗauka. Mikin yakan warke da kansa, mutum ya ce ya sami lafiya, alhali ƙwayar ta shiga jini. Daga baya ƙuraje su fito, har a tafin hannu da na ƙafa, su ma su ɓace. Sa'an nan ciwon ya kwanta shekaru, ya tashi ya taɓa zuciya ko ƙwaƙwalwa. Mace mai ciki kuwa takan ba ɗan da ke cikinta, ta yi ɓari ko ta haife shi matacce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an sami irin wannan tunjere na daga uwa zuwa ɗa har wajen 700,000.

Ciwon sanyi yakan nuna kansa ga namiji da zafin fitsari da mugunya, amma mata da yawa ba su ganin alamar kome. A hankali yake hawa, ya toshe hanyoyin da ƙwan haihuwa ke bi. Shekaru su wuce babu ciki, dangin miji su soma kiranta juya, a yi mata kishiya ko a kore ta, ba wanda ya tambaya ta ina ciwon ya shigo gidan. Ƙanjamau ma haka yake, mutum yakan yi shekaru da ƙwayar a jikinsa yana noma yana fatauci, ba mai iya ganewa da ido sai an gwada jini.

Yanzu sai mu karanta Yohanna sura 9. Almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, nan da nan suka shiga neman mai laifi, ko shi ko iyayensa. Ubangiji ya ƙi bin su wannan hanya, ya juya hankalinsu ga aikin da ya kamata a yi tun da sauran rana, ya kuwa buɗe idon mutumin. Har wa yau akwai jariran da ciwon sanyi ke shiga idonsu a lokacin haihuwa, in ba a yi hanzari ba su makance. A shekarar 1881 wani likita a Jamus mai suna Carl Credé ya nuna cewa in an ɗiga magani a idon jariri da zarar an haife shi, ana hana wannan makanta. Jaririn nan bai yi zunubi ba. Sau da yawa uwarsa ma ba ta san namiji ba sai mijinta. Saboda haka wanda ya ce kowane mai irin wannan ciwo yana girbin abin da ya shuka ne, ya yi wa marasa laifi shaidar zur. Ba mu ce fasikanci ba zunubi ba ne. Zunubi ne, kuma zaman miji da mata cikin aminci, bayan an gwada su duka biyu, shi ne babban rigakafi. Amma ciwo ba alƙali ba ne, ba ya tambayar wanda ya cancanta.

Daga nan amsar tambayarmu ta fito. Manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa a cikin aure jikin miji ba nasa ba ne shi kaɗai, haka kuma na matar. Idan jikin ba naka ba ne kai kaɗai, labarin ciwon da ke cikinsa ma ba naka ba ne kai kaɗai. Maƙwabci ba shi da hakkin ji, dattawan unguwa ma haka. Amma wanda kake kwana da shi yana da hakki, domin ransa ne ka ɗora a kan shirunka. Rufin asirin da ke kai marar laifi kabari ba mutunci ba ne, cin amana ne da ya sa rigar kunya.

Shirun ya ƙara muni da yake akwai magani. Tun shekarar 1943 aka tabbatar penisilin yana warkar da tunjere, har yau kuwa allura guda takan isa in an kama shi da wuri. Ciwon sanyi ma yana warkewa, sai dai ƙwayarsa ta koyi jure wa magunguna da yawa, kuma sayen kafso biyu ko uku a hannun mai talla yana ƙara mata wannan ƙarfi. Mutum ya sha magani a ɓoye ya bar matarsa ba magani, ya zama kamar mai ɗiban ruwa da kwando, gama zai sake ɗauka daga wurinta. Ƙanjamau ba a raba jiki da shi, amma tun 1996 akwai haɗin magunguna masu danne shi. Wanda yake sha kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwaji ba ya sa wa abokin aurensa, kafin a kai ga haka kuwa kwaroron roba yana tsare mai lafiyar. Uwar da ba ta shan magani, cikin jarirai 100 tsakanin 15 da 45 sukan ɗauka daga wurinta, amma da magani ba su kai 5 ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 1.9 suna ɗauke da ƙwayar a Nijeriya. Waɗansunsu suna zaune a benci ɗaya da mu ran Lahadi.

Wani zai ce, faɗa da baki ba wuya, amma matar da aka gwada a awon ciki aka sami ciwon, in ta faɗa wa mijinta, ai duka da saki ne za su biyo baya, ko da shi ne ya kawo. Wannan gaskiya ce, ba kuwa za mu raina tsoronta ba. Ba ma cewa ta faɗa ita kaɗai cikin dare. Ma'aikatan asibiti sukan kira miji da mata a gwada su tare, a gaya musu tare, kuma ana iya tafiya da dattijuwa amintacciya. Nauyin ya fi kan mai iko a gida. Magidancin da ya san inda ƙafarsa ta taka, shi ya kamata ya fara zuwa gwaji, ya fara buɗe baki. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Ikilisiya kuma tana da nata alhaki, tarihin Ingila ya koya mana wannan. A shekarar 1864 aka kafa doka a can, ana kama matan da ake zargi da karuwanci a garuruwan soja, ana duba su dole, ana tsare masu ciwo, mazan kuwa ba mai taɓa su. Wata mai bi, Josephine Butler, matar wani limamin ikilisiya, ta yi shekaru tana yaƙi da wannan rashin adalci, har aka soke dokar a 1886. A 1916 aka ɗauki wata hanya dabam, wato magani kyauta da alkawarin riƙe asiri, har yau kuwa a kan wannan tushe asibitocinsu na irin cututtukan nan suke aiki. Mutum ba ya kai kansa inda za a kunyata shi. A Nijeriya ma dokar 2014 ta hana nuna bambanci ga masu ƙanjamau.

Saboda haka in muna so 'yan'uwa su faɗi gaskiya, kada mu sa gaskiya ta fi shiru tsada. Ikilisiyoyi da yawa suna neman a yi gwaji kafin ɗaurin aure, wannan kuwa abu ne mai kyau. Amma sakamakon na saurayi da budurwa ne, su za su gaya wa juna su yanke shawara. Fasto ko dattijon da ya ji irin wannan magana ya kai ta wurin matarsa ko taron majalisa, ya rufe bakin mutum goma da za su zo bayan wannan. Haka kuma roƙon addu'a a gaban jama'a kada ya zama hanyar baza labarin wani. Kada kuma wani ya ce wa marar lafiya ya bar shan magani domin ya nuna bangaskiya, gama Allahn da yake jin addu'a shi ne ya ba likita sani.

Ashe rufin asiri na gaskiya yana da ƙofa. A rufe take ga masu tsegumi, a buɗe ga likita da abokin aure.

Ga abin da za ku tattauna a ƙungiyarku. Idan ɗan'uwa ya gaya maka yana da ciwon, ya ce ba zai faɗa wa matarsa ba, me za ka ce masa, sau nawa kuma za ka koma wurinsa? Idan 'yar'uwa ta faɗi gaskiya aka kore ta da yaranta, gidan wa za ta kwana a cikinmu? Mu da muke zaune a nan, yaushe muka je aka gwada mu?