Kunnen da Ba Ya Barci

Shiga ɗakin kwamfutoci na wata cibiyar jarrabawa da asuba, kafin ɗalibai su iso. Ga injuna jere reras, duk a kashe, ba ƙarar fanka, ba hasken allo. Amma leƙa bayan ɗaya daga ciki, inda wayar sadarwa ta shiga, za ka ga 'yar fitila tana ƙyaftawa. Kwamfutar ta yi barci, katin sadarwarta kuwa idonsa biyu, yana lasar wuta kaɗan, ya kasa kunne.

Mai kula da ɗakin ba sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana danna maɓalli ba. Daga kujerarsa yake aika wani ɗan saƙo da kamfanin AMD ya gabatar a 1995, dabarar da ake kira Wake-on-LAN. Saƙon bayit 102 ne cif: alamar FF sau 6, sai lambar MAC ta kwamfutar da ake nema, a maimaice sau 16. Ana watsa shi kamar shelar sanƙira, kowane kati ya ji, amma wanda aka ambaci lambarsa ne kaɗai zai tashi uwar ɗakinsa.

Idan an saita kwamfutar da tsarin PXE na kamfanin Intel, tana farkawa sai ta roƙi adireshi a wurin sabar DHCP. A ba ta, a kuma gaya mata sunan fayil ɗin farawa da inda yake. Ta jawo shi ta hanyar TFTP, ta loda manhajarta, ko da faifanta fanko ne. Kafin mai kula ya shanye shayinsa, ɗaki ya haskaka.

Sai dai fa a kan samu mai tsimin wuta da zai kashe soket da yamma kafin ya rufe ƙofa. Washegari ko sau dubu aka aika saƙon, shiru kake ji, dole a tako da ƙafa a kunna.

Abin lura a nan shi ne, mutum ma yana da haƙƙin ya huta. Yakan gaji, yakan yi fushi da 'yan uwa, yakan tafi ci-rani ya rage yawan magana. Duk wannan barci ne, ana tashi daga gare shi. Matsalar ita ce wanda ya canza lamba bai ba kowa ba, ya toshe har yayarsa da ta goya shi. Ranar da tsohuwa ta kwanta ciwo, za a yi ta kiran sunansa a gida, ba mai isar masa. In za ka janye jiki, ka bar wa mutum ɗaya lambarka, ka kuma ɗauka idan ya kira.