Dala Ɗari a Makon da Aka Gicciye Ubangiji

A watan Afrilu na 2025, a makon da ikilisiya ke shirin tunawa da mutuwar Ubangiji da tashinsa, manhajar zuba kuɗi da ake kira CBEX ta rufe da dukiyar jama'a. Alkawarinta shi ne ta ninka wa mutum kuɗinsa cikin kusan wata guda, wai wata kwamfuta mai basira ce ke yi masa cinikin kuɗin intanet yana kwance yana barci. Sai aka wayi gari mutane suna duba waya, suna ganin asusu ya koma fanko. A unguwar Oke-Ado ta Ibadan, waɗanda abin ya shafa suka fasa ofishin kamfanin, wannan ya fito da kujera a ka, wancan ya kinkimo na'urar sanyaya ɗaki, kamar kujera za ta biya kuɗin makarantar yara. Hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ta ce kamfanin ba shi da rajista a wurinta, EFCC kuma ta shiga farautar masu shi. Wannan duka an ji shi a labarai. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne wanda ya biyo baya. Bayan an yashe mutane tas, sai aka aiko musu da saƙo cewa duk mai son a buɗe masa asusunsa ya sake zuba dala 100, mai babban asusu kuma dala 200, wai don a tantance shi. Kuma an samu masu biya.

Ku tsaya ku auna wannan dala ɗari. A lokacin ta haura naira 150,000, wato ta fi albashin wata biyu na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ɓarawo ya shiga ɗakinka ya kwashe, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ka kawo abin da ya rage a aljihu zai mayar maka da kayanka, kai kuma ka tafi ka ranto ka kawo masa. Mutane sun kira wannan wauta, wasu sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Ni ina ganin sunansa bangaskiya. Bangaskiya ce mai ƙarfi, wadda asara ba ta girgiza ba, wadda ta ci gaba da sa zuciya bayan duk alamu sun ƙare. Irin wadda ake roƙonmu kowace Lahadi mu ba Allah, muna ta jan ƙafa, ita ce aka ɗauka ɗungurungum aka miƙa wa mutanen da ba a san fuskarsu ba. Kada kowa ya ce mini zukatanmu ba su iya dogara ba. Sun iya ƙwarai, wurin da suka jingina ne abin kuka.

Kuma kada mu yi saurin cewa abin na mutanen Ibadan ne da Legas, ko na waɗanda ba su san Allah ba. Irin wannan harka ba ta yaɗuwa sai ta hanyar amana, domin kowa sai ya kawo wani kafin a ƙara masa riba. To ina amana ta fi taruwa in ba a cikin zumunci ba? A harabar majami'a bayan an tashi sujada, a zauren WhatsApp na mawaƙa da na matasa, a bakin ɗan'uwan da kuka yi shekara goma kuna addu'ar dare tare, a nan ake nuna wa mutum waya a ce duba abin da Allah ya yi mini. Mun kuma taɓa gani. Harkar zuba kuɗi ta MMM ta Sergei Mavrodi, mutumin da kotun Rasha ta riga ta ɗaure kan zamba, ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta kuma yi wayon kiran zuba kuɗi da sunan ba da taimako, kalmar da ke da daɗi a kunnen Kirista. Babban Bankin Najeriya ya yi gargaɗi, aka ce hassada ce. A Disamba 2016, ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti, ta kulle asusun mutane. Daga baya hukumar inshorar ajiyar banki ta NDIC ta ce kimanin mutum miliyan uku ne suka yi asarar naira biliyan 18. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mu maciji ya sare mu a Kirsimeti, shekara takwas bayan nan muka sake tura hannu a raminsa a makon Ista, da ya sare mu kuma muka biya shi dala ɗari.

Iyayenmu fastoci da dattawan ikilisiya, ku yi mini haƙuri, amma kaso mai tsoka na wannan laifi yana kan mumbari. Shekara da shekaru ana koya wa jama'a a wurare da yawa cewa baiko iri ne, ka shuka dubu ka girbe dubu ɗari, ka kawo kafin ƙarshen wata ka ga buɗi. Ana kiran mai shaida gaba ya faɗi motar da ya saya, a yi tafi da guɗa, ba a cika kiran gwauruwar da ta yi shekara ashirin tana sayar da ƙosai ba ta ci haƙƙin kowa ba. Mutumin da aka raina da wannan koyarwa, in CBEX ta zo masa, yare ɗaya yake ji: kawo kaɗan, jira kaɗan, kwashi da yawa, kada ka yi shakka, mai shakka ba ya samu. Mu muka share wa ɓarawo hanya, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mun mai da Allah mai ninka kuɗi, da aka samu wani mai ninkawa da ya fi saurin biya, jama'a suka koma can. Ko maganar nan da ake rubutawa a bayan motoci, dogara ga Allah jari, mun juya ta ta zama lissafin ɗan kasuwa, muna jiran ranar raba riba. A Samariya, da Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus bai sa masa albarka ba, ya tsawata masa da kakkausar murya ya ce ya tuba. Yau da Siman zai shigo wasu majami'unmu da jakarsa, kujerar gaba za a ba shi.

Na san abin da za a ce, kuma magana ce mai nauyi. Za a ce mai rubutu bai san yunwa ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura dubu a 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba 2024, kuɗin da mutum ya ajiye a banki yana narkewa kamar gishiri a ruwa. Malamin makarantar da ya sa kuɗin sallamarsa a CBEX ba jirgin sama yake son saya ba, tsoron tsufa cikin talauci yake yi. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya yi wa irin wannan bawan Allah dariya ya ji tsoron Allah. Amma wannan amsa ita ce ta tona ainihin ciwon. Tsoro ne ya kai mu, kuma tsoro shi ne wurin da ake gane abin da mutum yake bauta wa. Kowa mai bangaskiya ne ranar da albashi ya shigo. Isra'ilawa a jeji ba ƙoshi ne ya sa wasunsu ɓoye manna har gobe ba, tsoron kada gobe ta zo babu ne, kuma abin da suka ɓoye ya yi tsutsa ya yi wari. Sarki Asa na Yahuza ya taɓa dogara ga Ubangiji ya ci rundunar da ta fi tasa yawa nesa ba kusa ba. Da Ba'asha sarkin Isra'ila ya matsa masa daga baya, sai ya kwashi azurfa da zinariya daga taskar Haikali ya aika wa Ben-hadad na Suriya ya sayi kariya. Dabarar ta yi aiki, abokin gaba ya janye. Duk da haka Hanani maigani ya zo ya faɗa masa cewa ya yi wauta, Asa kuwa ya husata ya jefa shi a kurkuku. Ku lura, ribar da Asa ya samu ba ta wanke shi ba. Haka waɗanda suka shiga CBEX da wuri suka fita da riba, suka zo suka ba da shaida har da zakka a ambulan. Wannan riba kuɗin maƙwabcinka ce da ya shigo bayanka, ba ciniki aka yi ba, ba gona aka noma ba. Ka kawo hawayen ɗan'uwanka gaban bagade ka ce albarka ce.

Za a kuma ce, to mu naɗe hannu ke nan? Yusufu bai tara hatsi shekara bakwai a Masar ba? Ba Hausawa ke cewa Allah ya ce tashi in taimake ka ba? Yusufu ya tara, kuma Littafin Misalai ya tura rago wurin tururuwa ya koyi tanadi, Bulus ma da hannunsa ya ɗinka tanti ya ci abinci. Babu mai hana ka noma, ko adashi, ko buɗe asusu, ko gina rumbu. Amma Yusufu hatsin da aka noma ya tara, ya kuma tara ne don a ciyar da ƙasa. Mai arzikin nan na misalin Yesu a Luka sura 12 shi ma rumbu ya gina, bai saci na kowa ba, gonarsa ce ta yi albarka. Laifinsa shi ne ya zauna ya yi wa ransa albishir cewa yanzu ya tsira, rumbu ya zama mai cetonsa, a daren nan kuwa aka karɓi ransa. Rumbun iri ɗaya ne, zuciyar da ke bayansa ce ta bambanta. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: in abin ya tafi, me ya rage maka? Wanda ya yi asara ya yi kuka ya tashi ya koma aiki, dukiya ya rasa. Wanda ya yi asara ya tafi ya ranto dala ɗari ya kai wa wanda ya cuce shi, allahnsa ne ya mutu yake ƙoƙarin tashe shi.

Akwai magana ta uku, wadda ba a faɗa da ƙarfi amma tana cikin zukata: mun ga masu dogara ga Allah da bai kuɓutar ba. I, mun gani, kuma ba zan rufe wannan da kalmomi masu zaƙi ba. A farkon Janairu 2020 Boko Haram suka kama Rabaran Lawan Andimi na ikilisiyar EYN, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN na ƙaramar hukumar Michika a jihar Adamawa. A bidiyon da suka fitar, yana zaune a hannun masu kisa, ya yi magana cikin natsuwa, ya nuna cewa bai karaya ba domin komai yana hannun Allah, ya roƙi iyalinsa su yi haƙuri ko da bai dawo ba. An yi ƙoƙarin fansarsa, bai yiwu ba, a ranar 20 ga watan suka kashe shi. In dogara ga Allah inshora ce mai biyan diyya a nan duniya, to Andimi ya yi asara. Amma bangaskiyar Kirista ba ta taɓa yin wannan alkawari ba. Shadrak da Meshak da Abednego sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu, ko bai cece su ba kuma ba za su yi wa gunki sujada ba. Abin da aka ba mu a kan gicciye shi ne gafarar zunubi, da sulhu da Allah, da rai wanda kabari ba ya riƙewa, kuma kyauta aka ba mu, ba da kuɗin tantancewa ba. Wannan ne ya zaunar da Andimi daram a gaban bindiga. Ku ɗora natsuwar mutumin nan kusa da hoton mai gudu da kujera a ka a Oke-Ado, ku gaya mini wane ne a cikinsu yake da abin da ba a iya sacewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne makon da abin ya faru. Makon da Yesu ya shiga Haikali ya kifar da teburan masu canjin kuɗi. Makon da Yahuza Iskariyoti ya karɓi azurfa talatin, ya dawo da ita daga baya bai samu mai karɓa ba. Ranar Jumma'a 18 ga Afrilu muna zaune a majami'a ana karanta yadda aka biya bashinmu duka da jini, a cikinmu kuwa akwai mai leƙa waya a ƙarƙashin benci yana duba ko asusu ya buɗe, yana lissafin inda zai samo dala ɗari. Haba jama'ar Allah! Wanda ya ba da Ɗansa bai ishe mu jingina ba, sai wanda ko sunansa na gaskiya ba mu sani ba?

Magani ba ɓoyayye ba ne: a hana tallan irin waɗannan harkoki a harabar majami'a da zaurukanta, ma'aji kada ya kuskura ya kai kuɗin ikilisiya ko na zumuntar mata inda ake alkawarin ninkawa, fastoci kuma su koma wa'azin gicciye. Wata manhajar tana nan tafe da sabon suna, wataƙila ma ta riga ta shiga wayarka. Kai da ka jawo ɗan'uwanka ya zuba ya rasa, kada ka jira Lahadi, ka je gidansa ka roƙi gafara, in ka ci riba ka mayar masa da abin da za ka iya. Ke da kika rasa kuɗin jarinki kina jin kunyar shiga sujada, ki dawo, kujerarki tana nan, mu kuma da muka tsira kada mu bari ki kwana da yunwa.